Jiran gawon shanu: ku faɗa wa ƙanwata lambarta



Makon jiya na je gida, Maijirgi. Na sauka da la'asar sakaliya, na tarar an gama yankan gero, dammuna suna jingine jikin rumbu, Inna na zaune tana tsintar wake. Ƙanwata ba ta cikin gida. Na hango ta can bayan danga, kan wani ɗan tudu, ta ɗaga waya sama tana neman rezo. Ban tambayi abin da take nema ba, don duk gidan mun sani. Wata na uku ke nan tana hawa tudun nan safe da yamma, tana duba ko sunanta ya fito.

Bana ta ci bak D, kuma da sakamako mai kyau. Tun tana firamare take cewa likita za ta zama, tun daren da ta ga an ɗora maƙwabciyarmu a amalanken shanu tana naƙuda, aka nufi asibiti da ita cikin ruwan sama. Da sakamako ya fito, Baba ya sayar da akuya biyu. Aka haɗa dosiye: takardar haihuwa, ta zama ɗan ƙasa, hotuna, a je nan a buga hatimi, a je can a sa hannu, kowace tafiya da kuɗin motarta. Ta nemi gurbin karatun likita a ɗaya daga cikin jami'o'inmu. Jerin farko ya fito, babu sunanta. Aka ce kada ta damu, tana cikin masu jira.

To ta nawa ce a cikin masu jiran? Takardar da ta gani ba ta faɗa ba. Gurbi nawa ya rage? Shiru. Yaushe za a rufe, kowa ya san matsayinsa? Sai dai a ce mata, "Ki dai riƙa dubawa."

Da dare bayan an ci tuwo, Inna ta matso kusa da ni ta rage murya.

"Kai da ka yi boko, faɗa mini gaskiya. Yarinyar ga, an ɗauke ta ko ba a ɗauke ta ba?"

Na ce, "Inna, ba a ɗauke ta ba, kuma ba a ƙi ta ba."

Ta dube ni ta ce, "To wannan mi ne ne sunanshi?"

Ban samu amsar da zan ba ta ba. Shi ya sa na zo nan na rubuta.

Bari in fara da abin da ba na nema, don kada a juya mini magana. Ba na cewa a ɗauki duk wanda ya ce yana son likitanci. Karatun likita shekara bakwai ne ko fiye, kuma ba a allo kaɗai ake yin sa ba. Sai da malamai ƙwararru, da ɗakin gwaje-gwaje, da asibiti mai gadaje inda ɗalibi zai tsaya bayan babban likita ya ga yadda ake duba mara lafiya. Tsangayoyin koyon aikin likita da muke da su a jami'o'in gwamnati, ta Abdou Moumouni a Yamai, ta Dan Dicko Dankoulodo a Maraɗi, da ta André Salifou a Damagaram, kowace da iyakar abin da za ta iya ɗauka. Jami'o'in Maraɗi da Damagaram ma a 2010 aka kafa su, yara ne a cikin jami'o'i. In aka cusa ɗalibai fiye da kima, likitan da zai fito mu zai fara cutarwa. Saboda haka dole a zaɓa, kuma dole wani ya rasa. In ƙanwata ce ta rasa bisa gaskiya, za mu yi kuka kwana biyu, mu ce haka Allah ya so, mu nemi wata hanya.

Abin da ya dame ni shi ne jira cikin duhu. Hausawa sun ce rashin sani ya fi dare duhu, kuma ni na ga abin da duhun nan yake ci a gidanmu.

Na farko yana cin lokaci, lokacin kuma ba ya dawowa. Yarinyar da aka ce mata a'a da wuri tana da zaɓi. Tana iya neman makarantar koyon aikin jinya ko ungozoma, irin ta gwamnati da ke Damagaram ko ta Damouré Zika a Yamai. Tana iya komawa wani fanni na kimiyya, ko aikin gona, ko koyarwa. Amma kowace ƙofa da ranar rufe ta. Mai jiran da ba shi da rana yana zaune yana kallon ƙofofin nan suna rufewa ɗaya bayan ɗaya, yana tsoron ya shiga wata, gobe a kira sunansa a inda yake so. In ya biya kuɗin rajista a makarantar kuɗi sannan sunansa ya fito, an yi asarar akuya. In bai biya ba kuma sunan bai fito ba, an yi asarar shekara. Wane uba ne a ƙauye zai iya wannan cacar?

Na biyu yana cin ƴan mata. Mu daina ɓoye-ɓoye, alƙaluman UNICEF sun nuna kashi 76 cikin 100 na matan Nijar ana yi musu aure kafin su cika shekara 18, kuma jiharmu ta Maraɗi tana cikin na gaba-gaba. Yarinyar da ta kai har bak a Maijirgi, ko a wani ƙauyen Mayahi, ta tsallake rijiyoyi da yawa kafin ta zo nan. Kowace shekara iyayenta suna da amsar da suke ba masu zuwa neman aure: tana karatu. Ranar da ta dawo gida ta zauna, amsar ta ƙare. Bayan girbi kuwa kowa ya san lokacin biki ne, hatsi ya shigo, kuɗi sun shigo. Gwaggo ta riga ta zo gidanmu sau biyu. Ba ta zo da faɗa ba, cikin lalama ta ce wa Baba, "Yaya, zaman mi take yi? In karatun ne a gani, in babu a sani." Kuma wallahi ban ga laifinta ba. Tambayar da ta yi ita ce tambayar da nake yi. Da Baba yana da takarda a hannu mai cewa ɗiyarka ita ce ta kaza, ranar kaza za a yanke, da ya samu abin da zai nuna wa Gwaggo. Da baki kawai ba a tare dangi.

Na uku yana cin samari. Yaro ya gama lise, an gama aikin gona, ba abin yi sai zaman fada da shan shayi. Abokansa suna ɗaure kaya, masu tafiya cin rani Kano da Legas, masu nufar Agadas, masu wucewa wuraren haƙar zinariya, masu ƙetarawa Libiya da Aljeriya. Sai ya ce bari in je in ɗan samo na sabulu kafin suna ya fito. Ranar da sunan zai fito yana inda babu rezo, ko ya canza lamba, ko ya ɗanɗana kuɗi ya ce boko ya isa. Gurbinsa ya tafi, kuma a takarda za a rubuta bai zo ba, kamar shi ya ƙi.

Yanzu bari in faɗi abin da nake jin kunyar faɗa.

Washegari da safe Kawu ya zo gaisuwa. Bayan an gama, ya ce, "Kai ɗana, duk zaman da ka yi a birni ba ka san kowa ba? Kullum muna jin ka kana maganar gaskiya da adalci, to ga ƙanwarka nan." Aka yi dariya, ni ban yi ba. Da rana na fita bayan gari na kira wani abokina da muka yi jami'a tare, wanda na san yana da ɗan uwa a wani ofishi. Na ce masa ba alfarma nake nema ba, so nake kawai in san inda maganar ta tsaya. Kwana biyu ya kira ni. Ya faɗa mini ko ta nawa ce, ya faɗa mini mutum nawa ne a gabanta.

Na yi murna, ba zan yi ƙarya ba. Amma kafin in iso gida murnar ta koma ciki. Ashe lambar tana nan. Tana cikin kwamfuta, wani yana ganin ta kullum. Abin da ƙanwata ta yi wata uku tana hawa tudu don ta sani, ni na same shi da kira ɗaya, don na yi zaman aji da wane. Ƙawarta da suka yi lise tare, ƴar wani ƙauye ta wajen Mayahi, ita ma tana cikin masu jira. Ubanta manomi ne, ba ta da yaya a birni. Ita wa za ta kira?

Mai uwa a gindin murhu ba ya cin tuwo gaya, haka aka ce, kuma ranar nan ni ne mai uwa a gindin murhun. Ban ba kowa ko dala ba, ban ce a matsar da sunan kowa ba. Amma na gane yadda abin yake farawa. Inda labari ya zama sai ka san wani, to labarin ya zama kaya, kuma duk kaya yana da mai saye. Yau ka kira don ka ji, gobe wani ya kira don a duba masa, jibi wani ya zo da goro. Ko da ma'aikatan duk mutanen kirki ne, kuma na yarda da yawansu haka suke, duhun kansa ya isa ya sa zargi. Duk yaron da bai samu ba zai tafi da imanin cewa ɗan wane ne ya ture shi, ko gaskiya ne ko ba gaskiya ba. Wanda ya samu da guminsa kuma za a riƙa yi masa kallon ɗan alfarma. Jerin da aka manna a fili da lamba yana kare ɗalibi, yana kuma kare mutuncin ma'aikacin da bai ci komai ba.

Kada wani ya ce abin da nake nema sai a wata duniya. Jiran gurbin likitanci ko'ina akwai shi. A Amurka ɗalibai suna shafe watanni a jerin jira, wasu sai ana gab da fara karatu ake kiran su. Amma yawancin makarantunsu na likitanci sun yarda da rana ɗaya, 30 ga Afrilu, wadda duk mai riƙe da gurbi fiye da ɗaya zai zaɓi guda ya saki sauran, jeri ya motsa. A Faransa, tun 2018 suke aiki da tsarin Parcoursup: ɗalibi yana ganin matsayinsa a jerin jira, yana ganin inda jerin ya tsaya bara, sai ya auna da kansa ko ya jira ko ya kama wata hanya. Wanda aka ba gurbi kuma yana da ƴan kwanaki ya amsa, in bai amsa ba a ba na bayansa. Mu bar Turai ma, mu leƙa maƙwabta. A Najeriya hukumar JAMB ta kawo tsarin CAPS a 2017, inda ɗalibi zai duba a wayarsa ko an ba shi gurbi, ya karɓa ko ya ƙi. Ƴan uwanmu na Katsina da Kano za su gaya muku tsarin nasu bai rasa matsala ba. Duk da haka ya nuna abin mai yiwuwa ne a ƙasa irin tamu, da wayoyi irin namu.

Kuma mu ne muka fi kowa buƙatar kada mu yi wasa da yaran nan. Hukumar Lafiya ta Duniya a 2016 ta ce ƙasa tana buƙatar wajen likitoci da ma'aikatan jinya da ungozomomi 44 zuwa 45 ga kowane mutum 10,000. Mu a Nijar ko likita ɗaya ga mutum 10,000 ba mu kai ba, kuma waɗanda muke da su da yawansu suna Yamai da manyan birane. Jihar Maraɗi kaɗai ta haura mutum miliyan 3 tun ƙidayar 2012. Tun 2006 aka ce magani kyauta ne ga yara ƴan ƙasa da shekara 5, amma duk wanda ya taɓa kai yaro asibiti cikin damina, lokacin da zazzaɓin cizon sauro da tamowa suke haɗuwa, ya san kyautar ba ta cika sai da mai dubawa. Wa kuke tsammani zai yarda ya zauna a Tasawa ko Mayahi ko Gazawa shekara da shekaru yana aiki? Wanda ya fi saurin yarda shi ne wanda uwarsa take can, wanda ya san hanyar da amalanke ke bi. Su ne kuma jiran nan ya fi saurin zubarwa.

Ku tuna, mutumin da babbar jami'ar ƙasar nan take ɗauke da sunansa, Abdou Moumouni Dioffo, a Tasawa aka haife shi a 1929, nan kusa da mu. Ya zama masanin kimiyyar lissafi da hasken rana da duniya ta sani, ya rubuta littafi kan ilimi a Afirka a 1964. Ƙasar da aka haife shi ba ta daina haihuwar masu kai ba. Ku kuma tuna ɗaliban da suka faɗi a gadar Kennedy ranar 9 ga Fabrairun 1990, a kan maganar karatu suka fito. Haƙƙin ɗalibi a ƙasar nan ba a taɓa samun sa da zaman shiru ba.

To ga abin da nake roƙon ma'aikatar ilimi mai zurfi da shugabannin jami'o'inmu, da duk mai raba guraben karatu, har da na tallafin zuwa ƙasashen waje irin su Aljeriya da Maroko. Ba gini nake roƙo ba, ba kuma biliyoyi ba.

Na ɗaya, tun kafin a karɓi dosiye a faɗi gurbi nawa ne, a kuma faɗi ma'aunin zaɓe dalla-dalla: wane darasi ake dubawa, maki nawa, shekaru nawa. Yaro ya auna kansa kafin ubansa ya sayar da akuya.

Na biyu, duk jerin masu jira ya fito da lamba, daga na ɗaya har na ƙarshe. In an ji tsoron tona asirin yara, a sa lambar jarrabawarsu maimakon suna. Duk lokacin da jerin ya motsa a sabunta, kowa ya ga wa ya shiga, kuma bayan wa.

Na uku, a sa ranar rufewa, a kuma cika ta. Ranar ta zo kafin sauran makarantu su rufe rajista, don wanda aka ce wa a'a ya samu inda zai nufa. A'a da wuri taimako ne.

Na huɗu, labari ya je inda mutane suke. Intanet kaɗai ba ta isa ba a garin da sai an hau tudu. A manna jerin a ofishin magajin gari da ƙofar kowace lise, a tura gajeren saƙo a waya, a karanta sanarwa a gidajen rediyon karkara. Kuma a yi ta da Hausa da sauran harsunanmu. Tun 2025 aka ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa. To Baba da Inna, waɗanda su ne za su yanke ko yarinya ta jira ko a ɗaura mata aure, su ji da kunnensu cikin harshen da suke ji.

Na biyar, a buɗe ƙofar kai kuka. Wanda ya ga an tsallake shi ya san inda zai rubuta, da kwana nawa za a ba shi amsa.

Saura mu, ƴan birni masu mega a waya. Da yawanmu mun bi ta wannan jiran, mun sha wuyarsa, da muka wuce muka manta. Wasunmu ma, in za mu faɗi gaskiya, kira ɗaya ne ya wuce da mu. Ba na zagin kowa, na riga na faɗa muku nawa. Amma kowa a cikinmu yana da ƙauye. Ka nemi yaran garinku da suka ci bak bana, ka karɓi lambobinsu, duk sanarwar da ta fito ka tura musu, in babu rezo ka kira wani ya kai saƙo. Ka zauna da iyayensu ka yi musu bayanin abin da jerin jira yake nufi. Ka gaya wa yaro ya nemi wuri na biyu da na uku, kada ya rataya ransa a ƙusa ɗaya. Ƴan ƙungiyoyin ɗalibai kuma, yadda kuke tsayawa kan kuɗin tallafi da abinci da wurin kwana, ku sa wannan a cikin buƙatunku. Waɗanda ke bakin ƙofa ba su da katin ɗalibi tukuna, ba su da mai magana da yawunsu sai ku.

Kullum ana ce wa talaka ya yi haƙuri, mai haƙuri yakan dafa dutse. Mun yarda, haƙuri ibada ne. Amma ko saniyar da ke tsaye gindin gawo ta san da rani ƴaƴansa ke zuba, ba ta zuwa jira da damina. Yaranmu ko wannan ba a ba su ba.

Kafin in taho na faɗa wa ƙanwata lambarta. Ta yi shiru, tana lissafi da yatsu, sannan ta ce, "Yaya, to ita ƙawata fa? Ka tambayo mata?"

Na ce ban tambaya ba.

Ta ce, "To ka tambayo mata mana."

Na yi niyyar in sake kiran abokin nan nawa, sai na fasa. Na zo nan na tambaya a gaban kowa, don ita da duk sauran. In kana da ƙane ko ƙanwa ko ɗan maƙwabci da ke cikin wannan jiran, ka tura wannan rubutu gaba har ya kai ga masu sa hannu. Damina ta wuce, an shiga kaka, Gwaggo kuma ta ce za ta dawo bayan an gama ɗaurin rumbu.

Allah ya ba yaranmu abin da ya fi alheri, ya ba shugabanninmu ikon yin gaskiya a fili. Amin.